Tsohuwar kyamara mai madubi ko sabuwa marar madubi? Amsoshin tambayoyin da masu hoto suka fi yi mini

Na yi shekaru ina neman abinci da Canon EOS 5D Mark II mai madubi kafin na haɗa ta da EOS R6 marar madubi, kuma har yau dukansu biyu suna cikin jakata. Yaran da ke koyon aiki da abokan sana'a ba sa gajiya da tambayata wacce ta fi, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya. Da waɗannan biyun zan riƙa misali saboda su na riƙe da hannuna, amma mai Nikon D750 da ke hangen Z6, ko mai 600D da ke tunanin komawa Sony, duk zancen ya shafe shi.

Malam, wai mene ne madubin nan da ake ta magana a kai?

Cire gilashin gaban tsohuwar kyamararka, wato lensi, ka leƙa ciki. Za ka ga wani ɗan madubi a kishingiɗe. Hasken da ya shigo ta gilashi a kansa yake sauka, shi kuma ya cilla shi sama cikin wani dunƙulen gilashi da ke cikin tozon kyamarar, daga nan ya fito ta tagar da kake kafa ido. Ke nan abin da kake gani shi ne ainihin abin da ke gabanka, ba hoton talabijin ba. Da ka danna, madubin ya ɗaga sama, labulen shota ya buɗe, haske ya faɗa kan sensa, wato farantin da ke kama hoto, sannan komai ya koma mazauninsa. Wannan "kas!" ɗin da kake ji, rabinsa ƙarar madubin ce. Irin wannan kyamarar ake kira DSLR.

Marar madubi ba ta da wannan duka. Haske kai tsaye yake zuwa kan sensa, kuma tagar leƙen nata wani ɗan mitsitsin allo ne da ke nuna maka abin da sensar ke gani. Kusan duk bambancin da za mu tattauna a ƙasa, mai daɗi da marar daɗi, daga nan ya samo asali.

Da gaske an daina yin masu madubin?

Kusan haka ne. A 2008, shekarar da 5D Mark II ta fito, Panasonic ya fitar da Lumix G1, ƙaramar kyamara marar madubi da ake canza wa gilashi. A lokacin manyan masu hoto ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Lamarin ya fara sauyawa a 2013 da Sony ya kawo a7 mai babbar sensa, milimita 36 da 24, daidai girman fim ɗin da. A 2018 Nikon ya shigo da Z6 da Z7, Canon ya biyo da EOS R. Manyan masu madubi na ƙarshe daga kamfanonin biyu, EOS-1D X Mark III da Nikon D6, a 2020 suka fito, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa da bakinsa cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe a wannan layin. Pentax ne kaɗai ya tsaya kan madubi.

Sai dai daina ƙera sabo ba ya nufin wanda ke hannunka ya mutu. Canon yana yin gilasan EF tun 1987, Nikon yana kan bakin F, wato inda gilashi ke ɗaurewa a kyamararsa, tun 1959. Kayan sun cika duniya, kuma yanzu da masu kuɗi ke sayar da nasu suna komawa sabon yayi, ba a taɓa samun lokacin da kayan madubi na hannu suka wadata kamar yanzu ba.

Hoton sabuwar ya fi na tsohuwar kyau?

In da rana ne, ko a situdiyo da fitila mai kyau, a'a. Na sha ajiye hotuna biyu gefe da gefe in ce a nuna mini wanne ne na wacce, a kasa. Ka tuna, hoton hukuma na Barack Obama da Pete Souza ya ɗauka a 2009, wanda aka rataya a ofisoshin gwamnatin Amurka, da 5D Mark II aka ɗauke shi. Kyamarar da ta yi wannan aikin ba za ta gaza hoton ango da abokansa a ƙofar masallaci ba. Wani abin ma da mutane ba su sani ba, tsohuwar ta fi yawan megafiksel: 21 take da shi, R6 kuma 20. Kowacce za ta ba ka hoton inci 18 da 12 tas, ta kuma yi babban firem na falo ba tare da wani ya ga aibi ba. Balle yawancin aikinmu a WhatsApp da Instagram yake ƙarewa, inda ake matse hoto ya koma ɗan ƙarami.

Inda sabuwar ke barin tsohuwar a baya wuri biyu ne. Na farko duhu. A 5D Mark II ina jin daɗi har ISO 1600 (lambar da ake ƙarawa don kyamara ta gani cikin duhu, amma tana kawo ɗigo-ɗigo a hoto), in na kai 3200 na fara addu'a, 6400 kuwa sai dole. A R6 ina ɗaukar 6400 hankali kwance, 12800 ma yana shiga albam. Wanda ya taɓa aikin kamu a tsakar gida da ƙwan fitila biyu ya san darajar wannan.

Na biyu shi ne wanda ya fi damunmu a nan. Ɗaurin aure da ƙarfe biyu na rana, ango cikin farar shadda mai sheƙi, hula ta yi wa fuskarsa inuwa, fatarsa kuma baƙa. In ka auna haske da fuska, rigar ta ƙone, aikin da mai ɗinki ya yi wata guda yana yi ya ɓace fari fat. In ka auna da riga, fuskar ta nutse. Dabarar ita ce ka kare rigar, daga baya ka ɗago fuskar a kwamfuta. To a nan ne 5D Mark II ke nuna shekarunta: da ka ɗago inuwa sosai, sai wasu layuka da ɗigo-ɗigo ja da kore su fito a fatar mutum. R6 tana jure wannan ɗagowar nesa ba kusa ba. Da tsohuwar ma akwai mafita, ɗan filashi ne za ka cika fuskar da shi ko ka ja mutanen inuwar bishiya, kuma haka muka yi shekara da shekaru. Amma ba kullum jama'ar ɗaurin aure ke tsayawa ka jera su ba.

To in hoton kusan ɗaya ne, me ya sa kai ka sayi sabuwar?

Saboda fokos, wato saita gilashi ta yadda abin da kake ɗauka zai fito tas. In za a ce in zaɓi dalili ɗaya tak, shi ne.

A mai madubi, ba sensa ke saita fokos ba. Tsakiyar babban madubin yana barin wani haske ya wuce, wani ƙaramin madubi a bayansa ya tura shi ƙasa inda wata na'ura ta daban take. Ita ke auna nisa, ta ce wa gilashi ya tsaya nan. In aka samu ɗan saɓani tsakanin inda na'urar take da inda sensa take, ko da kaurin gashi ne, sai ka saita a ido fokos ya sauka a kunne ko a kan hanci. Shi ya sa 5D Mark II ke da wurin gyara saitin kowane gilashi daban, kuma na ɓata yammaci da yawa ina gwaji da jarida manne a bango. Ga shi wuraren fokos ɗinta tara ne kacal, cunkushe a tsakiya, kuma na tsakiyar ne kawai nake yarda da shi. Haka na saba: in saita da tsakiya, in riƙe maɓalli rabi, in karkata kyamara in gyara tsayuwar hoton, sannan in danna. In mutum yana tsaye, lafiya lau. In amarya tana tahowa cikin ƙawaye, gilashi a buɗe sosai, f/1.8, inda ɗan siririn wuri ne kawai ke fitowa tas, sai abin da Allah Ya yi.

Akwai wata dina da ba na mantawa. Mahaifiyar amarya ta rungume 'yarta, mayafi ya zame, hawaye ya gangaro. Daƙiƙa biyu ne. Na danna sau huɗu. Da na koma gida na buɗe, duka huɗun fokos yana kan duwatsun rigar wata ƙawa da ke bayansu. Babu gyaran da kwamfuta za ta yi wa wannan, kuma ba a cewa a sake.

A marar madubi, sensar da ke ɗaukar hoton ita ce ke auna fokos, don haka wancan saɓanin babu shi. Wuraren fokos sun mamaye kusan duk faɗin hoton. Kyamarar tana gane fuska, ta nemo ido, ta ɗora masa ɗan akwati, ta bi shi duk inda ya yi. Aikina ya koma kallon mutane da jiran lokacin da ya dace, ba kokawa da maɓalli ba. A da in na ɗauki hoto goma na mai tafiya, ina sa ran rabi su fita. Yanzu wanda ya lalace shi ne abin mamaki.

Amma kar a ɗauka tsafi ne. Amarya ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi, ko mace mai niƙabi, ko taron mutum ashirin, kyamarar na iya kama fuskar da ba ita kake so ba. Dole ka koyi karɓe ragama da babban yatsa ka nuna mata wanda kake nufi. Kuma a yi adalci: ba duk masu madubi ne kamar 5D Mark II ba. Mark III ta 2012 tana da wuraren fokos 61, D750 tana da 51, kuma duka biyun suna bin mai motsi sosai. Ido ne dai ba sa kamawa ta tagar leƙe yadda sababbin ke yi.

Hawan sallah fa? Wacce ta fi kama doki a guje?

Sabuwar. 5D Mark II ba ta cika hoto 4 a daƙiƙa ba. R6 tana yin 12 da labule, 20 in an kashe labulen. R6 Mark II ta 2022 tana kai 40, kuma an koya mata gane doki. Lokacin jahi, da mahaya suka taso a sukwane suka ja linzami gaban sarki, ƙura ta turnuƙe, tsakanin hoto mai kyau da na banza ƙiftawar ido ne. Sai dai ka shirya wa zaman tantancewa, don za ka dawo daga Hawan Daushe da dubban hotuna.

Na leƙa tagar marar madubi na ji kamar ina kallon talabijin. Ana sabawa?

Ana sabawa, cikin mako guda ko biyu. Ni ma da farko ban so ta ba. Amfaninta shi ne tana nuna maka hoton yadda zai fita tun kafin ka danna. In ya yi duhu ka gani, in riga ta ƙone ka gani, in launin fitila ya mayar da fuska ruwan ɗorawa ka gani. Wannan ɗabi'ar tamu ta danna sannan a sunkuya a duba allo, a rana ma a kare shi da hula, ta ƙare. Ga mai koyo kuwa malami ce, domin yana murza lamba yana ganin abin da ta haifar.

Duk da haka, in na ɗaga tsohuwar na leƙa, idona yana hutawa. Babu jinkiri, babu ƙyalli, kuma ko kyamarar a kashe take kana gani. Wunin biki guda da ido a manne da ƙaramin allo yana gajiyarwa.

Abu ɗaya da ke rikita masu situdiyo: in kana aiki da manyan fitilun filashi, ka saita 1/160 da f/8, tagar marar madubi za ta yi baƙi ƙirin, domin tana nuna maka hasken ɗakin ne ba na filashin ba. Ba lalacewa ta yi ba. Shiga saiti ka kashe kwaikwayon haske, za ta washe.

Gaskiya ne tana shan batir?

Gaskiya ne, kuma a ƙasar da wuta ba ta da tabbas wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai madubi ba ta cin wuta sai lokacin da ka taɓa maɓalli. Marar madubi kuwa muddin tana kunne, sensa da allo suna aiki. A ma'aunin kamfani, 5D Mark II tana yin wajen hoto 850 da caji ɗaya, D750 ta haura 1,200, R6 kuma ba ta kai 400 ba in ta taga kake leƙe. A aikace R6 tana wuce wannan adadin sosai, musamman in kana ɗauka a jere, amma lissafin da nake yi shi ne: bikin da tsohuwar ke gamawa da batir biyu, sabuwar sai huɗu.

Sauƙin da aka samu, tsofaffin batiran LP-E6 suna shiga R6, ko da yake gudun ɗaukarta yana raguwa da su, kuma ba sa caji a cikin kyamarar. Nata na asali, LP-E6NH, ana cajinsa a ciki ta USB-C, har da fawa banki in mai ƙarfi ne irin wanda ke cajin laftof. Wanda ke zuwa aiki ƙauye ya kwana biyu babu wuta, ya yi wannan lissafin kafin ya sayar da tsohuwarsa. A kuma kula da batiran jabu, sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske.

Ƙurar hunturu ba za ta kashe ta ba?

Ba za ta kashe ta ba, amma za ta dame ka. A mai madubi, in ka cire gilashi, madubi da labule suna tsare da sensa. A yawancin marasa madubi sensar a fili take, tana kallonka. R6 tana sauke labule in ka kashe ta, don haka ƙa'ida ita ce ka kashe kafin ka canza gilashi, ka juya bakin kyamara ƙasa, ka ba iska baya. Tsakanin Disamba da Fabrairu ni ba na canza gilashi a fili sai dole, mota nake shiga ko zaure.

In kana son sanin ko ƙura ta shiga, ɗauki hoton sararin sama ko farin bango a f/16, ɗigon za su fito. Robar hura iska ta isa mafi yawan lokaci. Kar ka hura da baki, kar ka sa gefen riga, kar kuma ka taɓa labulen, ya fi fatar albasa laushi. Da damina kuwa abokin gabar danshi ne, wanda ke sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki, kuma wannan bai san tsohuwa ko sabuwa ba.

Oga, gilasaina na da fa? Sai na sake sayen wasu?

A'a, kuma wannan ne albishir mafi girma. Tsakanin bakin kyamara da sensa a tsarin EF milimita 44 ne, saboda sai an bar wa madubi wurin ɗagawa. A sabon tsarin RF milimita 20 ne. Adaftar EF-EOS R zobe ne kawai da ke cike wannan tazarar ya kuma haɗa wayoyin, babu gilashi a cikinsa, don haka ba ya rage kyan hoto. Abin da ya ba ni mamaki, EF 85mm f/1.8 ɗina, gilashin da aka fara yi tun 1992, ya fi kama ido daidai a kan R6 fiye da yadda ya taɓa yi a kan kyamarar da aka yi shi dominta. Ga kuma sensar R6 tana motsi ta rage rawar hannu, ke nan tsohon gilashin da ba shi da wannan fasahar ya samu kyauta.

Akwai tarko uku. Gilashin EF-S na ƙananan kyamarori irin 600D da 700D yana hawa, amma R6 za ta yanke hoton ya koma ƙasa da megafiksel 8. A ɓangaren Nikon, adaftar FTZ tana aiki da gilasan AF-S da AF-P, amma tsofaffin AF-D da kyamara ke juyawa da sukurinta sai dai ka yi fokos da hannu. Na uku, hanyar ɗaya ce: gilashin RF ko Z ba ya hawa mai madubi ko da wace adafta.

Sababbin gilasan RF masu kyau ne ƙwarai, tsadarsu ma haka. Canon kuma ya daɗe bai buɗe wa Sigma da Tamron ƙofa ba, sai a 2024, shi ma a gilasan ƙaramar sensa. Bakin E na Sony ya daɗe a buɗe, shi ya sa mai farawa daga tushe yake samun zaɓi mai sauƙin kuɗi a can.

An ce marar madubi ba ta da nauyi.

Jikin ne kawai. R6 da batir gram 680 ce, 5D Mark II wajen 900. Ɗora adafta da 70-200mm f/2.8 mai kilo ɗaya da rabi, wuyanka ba zai san an canza komai ba.

Ni bidiyo na fi yi. Me za ka ce?

A nan babu gardama, marar madubi. Abin girmamawa ne cewa 5D Mark II ce ta buɗe wannan ƙofar: Nikon D90 ta riga ta yin bidiyo a 2008, amma 5D Mark II ce ta kawo bidiyon 1080 a kan babbar sensa, masu ƙaramin jari a duniya suka samu hoto mai narkakken baya irin na silima. Sai dai wahalarta da yawa. Ba ta bin fokos in tana ɗauka, da hannu za ka murza. Madubi yana ɗage, don haka tagar leƙe a rufe take. Fayil yana tsayawa in ya kai gigabait 4, wajen minti 12. Allonta ba ya juyawa.

R6 tana yin 4K har firem 60 a daƙiƙa, tana bin ido, tana rage rawar hannu, allonta yana juyowa. Aibinta zafi: a 4K tana iya nuna gargaɗi ta tsaya, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba sai na yi bayani ba. Tana kuma yankewa kafin minti 30. Mai ɗaukar wa'azi, tafsiri ko taron da ke cin awa biyu ya nemi R6 Mark II, wadda aka cire wa wannan iyakar aka kuma rage mata zafin, ko ya tsaya a 1080 don gudun zafi, duk da yankewar minti 30 tana nan. Kowacce kake riƙe da ita, wutarmu mai bugu 50 ce, don haka ka ɗauka a firem 25 ko 50, shota 1/50 ko 1/100, in ba haka ba fitilu su riƙa rawa a bidiyon.

Ɗauka shiru ba ƙara, yana da wata illa?

In ka kashe labulen shota ne kyamara ke ɗauka shiru. Yana da daɗi a wurin ɗaurin aure lokacin da liman ke addu'a, ko wurin ta'aziyya da taron manya. Amma a zauren biki mai fitilun LED masu launi, sai ka ga hoton ya fito da zane-zane a kwance, haske da duhu, kamar tabarma. Dalili, sensar tana karanta hoton layi-layi daga sama zuwa ƙasa, fitilar kuma tana ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani. Abu mai gudu ma yana karkacewa, sandar mahayi ta fito a lanƙwashe. A R6 filashi ba ya tashi a wannan yanayin. Ni a zaure labule nake mayarwa.

Tun da an zo zancen zaure: fitilar leza ta masu kiɗa tana ƙona sensa, ta bar layi ko ɗigon da ba ya fita har abada. Marar madubi ta fi shiga haɗari tun da sensarta a buɗe take muddin tana kunne. In ka ga an kunna, kau da kyamararka.

Me kuma zan ƙara kashe wa kuɗi bayan kyamarar?

Kati da kwamfuta. 5D Mark II katin CF take ci, rami ɗaya. R6 katin SD, rami biyu, kuma ina sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. Wanda kati ya taɓa mutu masa da bikin mutane a ciki ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan wannan. Fayil ɗin RAW na sabuwar, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, CR3 ne ba CR2 ba, tsofaffin Lightroom da Photoshop ba sa buɗe shi, sai ka sabunta ko ka juya shi zuwa DNG da manhajar Adobe ta kyauta. Bidiyon 4K kuwa yana durƙusar da tsohuwar laftof. Mai sha'awar R50, ƙaramar marar madubi ta Canon, ya sani cewa wurin ɗora filashinta ba shi da ƙarfen tsakiya, tsofaffin filashi ba sa tashi sai da wata adaftar.

In zan sayi ta hannu, me zan duba?

Fara da adadin dannawa. An ƙiyasta labulen 5D Mark II a kan 150,000, na R6 a kan 300,000. Wasu suna wuce haka nesa, wasu ba sa kaiwa, amma kyamarar da ta yi shekara goma a hannun mai biki ta sha aiki ko da jikinta yana sheƙi. Nikon yana rubuta adadin a cikin bayanan hoto, tsofaffin Canon sai an haɗa da kwamfuta. Je da katinka da gilashinka. Ɗauki farin bango a f/16 ka ga ƙura da ƙarzuwa, rufe murfi ka ɗauki baƙi ka ga ɗigon da suka mutu. Haska ramin CF da tocila, ƙusoshin cikinsa suna lanƙwashewa. Murza kowace dabaran, danna kowane maɓalli, gwada filashi a kai. In marar madubi ce, duba sensar da kyau a haske, ka yi bidiyon minti goma ka ji zafinta. Gilashi kuma ka haska shi daga baya ka nemi fumfuna mai kama da saƙar gizo. Kar ka biya kuɗin kayan da ba ka riƙe ba saboda hoton da aka turo maka a waya.

Batun gyara, tsohuwar ta fi sauƙi a wurinmu, domin masu gyara sun san cikinta kuma ana samun matattu a ciri kaya. Sabuwar ba ta da madubin da zai lalace, amma in allon cikinta ko na'urar rage rawa ta samu matsala, kayan sai an yi oda.

Kuɗina kaɗan ne, yanzu nake farawa. Wacce zan saya?

Ƙanena, sayi mai madubi ta hannu mai lafiya, ragowar kuɗin ka sa a gilashi da fitila. 6D, 5D Mark III, D750, ko ma 700D da D5300 in abin bai kai ba. Haɗa da 50mm f/1.8 da filashi ɗaya da za ka iya cirewa daga kan kyamara. Wannan kayan zai yi maka hoton situdiyo, suna, walima, kayan 'yan kasuwa masu talla a Instagram, ya mayar da kuɗinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga yaro ya ci bashi ya sayi sabon jiki, ya maƙala masa gilashin da ya zo a kwali mai f/6.3, ba filashi, ba batir na biyu, sannan yana mamakin yadda hoton wani mai tsohuwar 5D ya fi nasa. Gilashin EF ko AF-S da ka saya yau zai bi ka zuwa marar madubi gobe.

Wanda nake ce wa ya canza shi ne wanda aiki ya riga ya kama shi: yana bukukuwan dare duk mako, yana haɗa hoto da bidiyo, yana asarar hotuna saboda fokos ba saboda rashin iyawa ba. Shi kam kuɗin zai dawo. In R6 ta yi masa nisa, akwai R8 mai sensar R6 Mark II, sai dai ramin katinta ɗaya, batirinta ƙarami, kuma sensarta ba ta rage rawar hannu. Nikon Z5 tana da rami biyu. Sony a7 III ta 2018 har yanzu dokin aiki ce, batirinta ma ya fi na sauran daɗewa.

Na sayi sabuwar. In sayar da tsohuwar?

In ba kuɗin kake buƙata ka cika na gilashi ba, riƙe ta. Abin da za a ba ka bai kai amfaninta ba. Mai aikin biki bai kamata ya fita da kyamara ɗaya ba. Ni 24-105mm nake barin wa tsohuwar don hoton taro da na dangi, 85mm a kan R6 don fuska, ka ga ba na canza gilashi cikin ƙura ke nan. Batir ɗaya suke ci, filashi ɗaya. Akwai ranar da R6 ta yi zafi ana tsakiyar yini, na ajiye ta a inuwa na cire batir, na ƙarasa hotunan da 5D. In kuma akwai yaron da ke riƙe maka fitila yana son koyo, ita za ka miƙa masa, ka sa masa 50mm, ka ce ya saita da tsakiya.